Ƙarancin testosteron ga magidancin da ya manyanta: a auna, a nemi dalili, sannan a yi magani

Magidanci ɗan shekara hamsin da biyar ko sittin yakan shigo farmasi a Yamai, ya tsaya gefe sai layi ya ragu, sannan ya matso ya sassauta murya ya ce a ba shi allurar ƙarfi. Sunanta ma ya riƙe, Androtardyl ko Sustanon, domin wani abokinsa na fada ya ce masa ita ce ta tashe shi. Kukan da ya zo da shi gaskiya ne, ba abin rainawa ba: sha'awar iyali ta ja baya, gaba ba ta miƙewa da asuba kamar da, jiki ya mutu, teɓa ta fito. Sai dai abin da ke cikin ƴar kwalbar nan sinadari ne mai ƙarfi da ke taɓa jini da zuciya da furostat (ƙullutun nan na maza da ke ƙarƙashin mafitsara), yana kuma iya tsayar da haihuwa. Ga wanda jikinsa ya rasa shi da gaske, magani ne mai kyau ƙwarai. Ga wanda bai rasa ba, wahala ce ya saya da kuɗinsa. Awon jini ne ke raba biyun, kuma awon kansa yana da ƙa'ida.

Daga ina yake fitowa

Testosteron shi ne sinadarin mazantaka. Ƴaƴan maraina ke yin sa, amma umarni daga sama yake zuwa. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙullutu da bai wuce ƙwayar wake ba, likitoci na ce masa ipofiz, shi ke sako sinadarai biyu, LH da FSH. LH ke sa maraina su yi testosteron, FSH kuma ke taya su yin ƙwayoyin haihuwa na cikin maniyyi. In testosteron ya yi yawa a jini, ipofiz sai ya rage umarni. In ya ragu, sai ya ƙara. A riƙe wannan, domin a kansa maganar haihuwa za ta tsaya nan gaba.

Daga wajen shekara 40 testosteron kan riƙa raguwa da kusan kashi 1 cikin 100 kowace shekara. A hankali yake tafiya, ba kamar ɗaukewar al'ada ta mata ba, kuma maza da yawa na kai shekara 70 awonsu bai fita iyaka ba. Wani babban bincike da aka buga a 2010 ya bi maza 3369 ƴan shekara 40 zuwa 79 a garuruwa takwas na Turai. Waɗanda suka haɗa alamomi da ƙarancin awo, kashi 2 ne kawai cikin 100. Ko a cikin ƴan shekara 70 zuwa 79, wajen kashi 5 ne. Akasarinsu kuma masu ƙiba ne ko masu wata cuta. Abin da ake ɗora wa tsufa, sau da yawa teɓa ce ko suga ko wani magani da mutum ke sha.

Alamomi uku ne wannan binciken ya ga sun fi tafiya tare da ƙarancin: raguwar sha'awa, raguwar miƙewar gaba da asuba, da raunin gaba lokacin saduwa. Akwai wasu da ba su cika zuwa ba amma in sun zo suna da nauyi: maraina su ƙanƙance, gashin hammata da na mara ya zube, aski ya daina saurin fitowa, nono ya kumbura, zufa mai zafi ta riƙa taso wa mutum haka kawai, ko ƙashi ya karye a ƴar faɗuwar da ba ta kai ta kawo ba. Gajiya, kasala, mantuwa, ɓacin rai da barcin rana kuwa, kowace cuta na kawo su. Ƙarancin jini na kawo su, suga na kawo su, damuwar bashi da ta ciyar da gida ma na kawo su. Ba a kafa hukunci a kansu su kaɗai.

Mutane kan ce basir ne, ko sanyi, ko zaƙi ya yi yawa. Basir ba ya rage testosteron. Maganar zaƙi dai tana da gaskiya a cikinta, in ana nufin ciwon suga.

Yadda ake awon

Abin da likita zai rubuta a takarda shi ne testostérone totale. Awon na lalacewa cikin sauƙi, don haka a kula da waɗannan.

A je da safe, tsakanin ƙarfe 7 da 10. Testosteron ya fi yawa bayan barcin dare, sannan ya riƙa sauka har yamma. Wanda aka ɗebi jininsa bayan azahar zai iya fitowa da ƙarancin da ba shi da shi. A je ba a karya ba. Ruwan sanyi zalla ba laifi, amma ban da koko, ban da fura, ban da shayi mai sukari, domin an gwada an ga shan sukari mai yawa na sauke awon da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƴan awowi. Kofin shayin nan da ake miƙo wa mutum bayan sallar asuba ya isa ya gurɓata sakamako. A yi sallah, a sha ruwa, a wuce labo, karin kumallo ya jira a dawo.

Kada a auna ana cikin ciwo. Zazzaɓin cizon sauro, taifot, tiyata, kwanciya asibiti, duk suna danne testosteron na ɗan lokaci, sai a jira mutum ya warke sarai ya yi ƴan makonni. Haka wanda barcinsa ya juye. Mai gadin dare da direban da ke kwana a hanyar Konni ko ta Agadas, a auna su bayan sun tashi daga barcinsu mai tsawo. A watan azumi da ake raba dare tsakanin sallah da sahur, gara a bari sai bayan sallah, barci ya koma daidai.

Sannan babbar ƙa'ida: awo ɗaya ba ya isa. Kusan mutum ɗaya cikin uku da awonsa na farko ya nuna ƙasa, in aka sake sai a tarar da shi daidai. A maimaita wata safiya, bayan mako biyu zuwa huɗu, a labo ɗin da aka yi na farko, saboda injuna na bambanta.

Karanta takardar

Labo-labo ba sa rubutu da ma'auni ɗaya, kuma nan mutane ke ruɗewa. Wasu na ba da ng/mL, wasu ng/dL, wasu nmol/L. 3 ng/mL shi ne 300 ng/dL, shi ne kuma kusan 10.4 nmol/L. A duba ma'aunin kafin a tsorata da lambar.

In awo biyu sun fito ƙasa da 8 nmol/L, wato 2.3 ng/mL, ga kuma alamomi, ƙarancin ya tabbata. In sun haura 12 nmol/L, wato wajen 3.5 ng/mL, da wuya testosteron ne ke jawo matsalar, a nemi dalili wani wuri. Tsakanin 8 da 12 ne ake buƙatar ƙarin bincike. Yawancin testosteron na yawo a jini ɗaure da wani furotin mai suna SHBG, ɗan kaɗan ne yake sake yana aiki. Mai ƙiba da mai suga SHBG ɗinsu kan yi ƙasa, sai jimillar ta fito ƙasa alhali wanda ke aikin bai ragu ba. Tsoho, da mai ciwon hanta, da mai shan maganin farfaɗiya irin Gardénal ko Tégrétol, nasu kan yi sama, sai jimillar ta fito kamar lafiya alhali akwai ƙaranci. A irin wannan sai a auna SHBG da albumin, wani furotin na jini shi ma, likita ya lissafo testosteron ɗin da ke sake. Ƙasa da 220 pmol/L ƙaranci ne.

Tare da awo na biyu a nemi LH da FSH da furolaktin, wani sinadarin da shi ma ipofiz ke sakowa. Su ke nuna inda gizo ke saƙa. In LH ya yi sama, ipofiz da ke cikin kai na ba da umarni, maraina ne suka gaza: hangum da ya sauka maraina bayan balaga, bugu, murɗewa, tiyata, maganin kansa, ko larurar da ake haihuwar namiji da ita, irin wadda ake kira Klinefelter. Wannan ba ya gyaruwa da rage ƙiba, mai shi ne ainihin wanda aka yi maganin dominsa. In LH ya yi ƙasa ko yana tsaka-tsaki, umarnin ne ya ragu, kuma akasari akwai abin da ke danne shi wanda za a iya cirewa. In testosteron ya faɗi ƙasa da 1.5 ng/mL tare da LH maras yawa, ko furolaktin ya hau, ko akwai ciwon kai da raguwar gani ta gefe, sai an yi hoton IRM na kai, domin ƙari a ipofiz na yin haka.

A wannan ɗibar jinin a haɗa da NFS, awon ƙwayoyin jini, don ganin hematokirit, wato kashi nawa cikin 100 na jini ne jajayen ƙwayoyi, da awon suga, da PSA, awon da ke nuna halin da furostat ke ciki. Likitan da ya fi dacewa shi ne likitan mafitsara, urolog, ko likitan suga da sinadaran jiki. A Yamai akwai sashen mafitsara a Asibitin Amirou Boubacar Diallo na Lamorde. Wanda ke jihar Tawa ya fara da CHR, babban asibitin jiha, in da buƙata su tura shi gaba.

Abubuwan da ke danne shi

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. A zuba duk abin da ake sha cikin leda a kai gaban likita, har da na kasuwa da na gargajiya.

Tramol da kodin da danginsu suna kashe umarnin ipofiz kai tsaye. Mutum yakan fara tramol don ciwon baya, ko don ya jure aiki, ko ma don ya daɗe wajen iyali; bayan watanni sha'awar kanta ta tafi, sai ya ƙara ƙwaya yana zaton gajiya ce. Duk wanda ke shan sa kullum kuma awonsa ya faɗi, daina tramol ne maganinsa na farko. Amma ba a yanke shi dare ɗaya, a rage a hankali a hannun likita.

Dekisametazon, furedinizolon da Célestène, waɗanda ake sha don ciwon gwiwa, asma, ko neman ƙiba, su ma haka suke, ga tayar da suga da cin ƙashi. Wanda ya yi makonni yana sha, tsayar da su farat ɗaya na iya jefa shi cikin haɗari, sai an sauke su mataki-mataki. Giya mai yawa, ketokonazol na sha, sifironolakton da simetidin su ma a ambace su. Ciwon hanta, ciwon ƙoda, tarin fuka, sida da sikila duk suna rage shi, kuma kula da cutar kanta shi ne gaba.

Amma wanda ya fi yawa shi ne teɓa. Kitsen ciki na juya testosteron ya koma sinadarin mata, yana kuma rage umarnin da ke zuwa daga kai. Testosteron ya ragu, kitse ya ƙaru, abu ya yi ta zagayawa. A ari tef ɗin awo wajen tela. A tsaya babu riga, a laluba haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, a zagaya tef a tsakiyarsu, a fitar da numfashi ba tare da tsuke ciki ba, a karanta. Daga santimita 94 an shiga gargaɗi, daga 102 an yi nisa. Wanda ya sauke kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, misali mai kilo 100 ya dawo 90, yakan samu ƙarin 2 zuwa 3 nmol/L. Ga wanda ke tsakanin 8 da 12, wannan kaɗai na iya fitar da shi.

Wurin farawa sukari ne. A ƙirga cokalin da ke shiga shayin fada, na fari da na biyu da na uku, safe da dare, a haɗa da lemun kwalba da fura mai sukari da fanke. A raba wannan biyu a makon farko, a sake rabawa a wata na biyu. Tuwo ko shinkafa su koma rabin faranti, sauran a cika da dambun zogale, wake, kifi, ƙwai ko nama maras kitse, kuma a daina cin mai nauyi dab da kwanciya. Tafiya mai sauri minti 30, kwana biyar a mako; da bazara a yi ta bayan asuba ko dab da magariba, ko a zagayen filin wasa na Seyni Kountché ko a layin unguwa. Kwana biyu a mako a ba tsoka aiki: tashi-zauna daga kujera sau 12, a huta, a maimaita sau uku, jarka mai lita 5 a kowane hannu kilo biyar-biyar ce, a ɗaga ta haka nan. Mai ciwon zuciya ya tambayi likitansa kafin ya fara.

Barci ma magani ne. A wani gwaji da aka buga a 2011, samari masu lafiya da aka taƙaita wa barci zuwa awa 5 na mako ɗaya, testosteron ɗinsu na rana ya sauka da kashi 10 zuwa 15. A nemi awa 7. A kuma tambayi uwargida, ita ce ta san yadda maigida ke barci: in yana munshari mai ƙarfi, numfashi ya ɗauke ya dawo da shaƙewa, da rana kuma gyangyaɗi, wannan cuta ce da ake bincika, kuma allurar testosteron na iya tsananta ta.

A ba wa waɗannan gyare-gyare wata uku zuwa shida, sannan a sake awo.

Tambayar da ake fara amsawa: ana son ƙarin haihuwa?

A ƙasarmu ɗan shekara sittin na iya kasancewa da amarya da ke jiran ɗanta na fari, kuma sau da yawa shirin ƙara aure ne ma ke kai mutum neman allurar. To a ji wannan da kyau. Testosteron ɗin da ke cikin maraina ya ninka na jini sau da dama, kuma da shi ake yin ƙwayoyin haihuwa. In aka zuba na waje, ipofiz sai ya ga jini ya cika, ya daina sako LH da FSH, maraina su tsaya da aiki, har su ƙanƙance. Maniyyi zai riƙa fita kamar kullum, sha'awa ma ta ƙaru, amma ƙwayoyin ciki sun ragu ko sun ƙare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa gwada allurar a matsayin hanyar tsarin iyali ta maza: a sakamakon da aka buga a 1990, da miligiram 200 kowane mako, kusan kashi 65 cikin 100 na mazan sun wayi gari babu ƙwaya ko ɗaya a maniyyinsu cikin wata shida. Bayan an daina, wajen biyu cikin uku na dawowa cikin wata 6, tara cikin goma cikin shekara, wasu sai shekara biyu. Ga dattijo da wanda ya daɗe yana yi, dawowar ta fi jinkiri.

Garin neman gira ke nan a rasa ido. Abin da ya fi ciwo, matar ce za a riƙa kai wa asibiti da wajen masu magani ana neman abin da ya hana ta ciki, alhali dalilin na cikin allurar da mijinta ke yi a ɓoye. Mai son haihuwa kada ya taɓa testosteron. In matsalarsa daga umarnin kai ne, akwai allurar hCG da ke yin aikin LH, akwai kuma kulomifen da wasu likitoci ke bayarwa. Duka biyun suna tayar da maraina su yi nasu, kuma aikin ƙwararren likita ne.

Akwai kuma waɗanda ba a fara wa maganin sam, ko sai an warware wani abu tukuna: mai kansar furostat ko ta nono, wanda PSA ɗinsa ya wuce 4 ng/mL, ko likita ya ji ƙullutu a furostat da yatsa. Ga baƙar fata, da wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi kansar furostat, tun daga 3 ake neman urolog ya duba. Haka wanda hematokirit ɗinsa ya haura 48 zuwa 50, mai fama sosai da wahalar fitsari, mai ciwon zuciyar da ke kumbura ƙafa ba a shawo kansa ba, wanda ya yi bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki cikin wata shida da suka wuce, da wanda jininsa ke yawan daskarewa a jijiya. Mai sikila kuma a yi kaffa-kaffa, saboda miƙewar gaba da ke ƙin kwanciya.

In magani ya zama dole

Androtardyl, miligiram 250 a mililita 1, shi aka fi sani a ƙasashe masu Faransanci. Akan yi shi duk mako biyu zuwa uku. Illarsa hawa da sauka: kwana biyu-uku bayan allura awo ya wuce iyaka, mutum ya ji ƙarfi, wani har da saurin fushi, kafin ta gaba kuma ya faɗi, kasala ta dawo. Da yawa kan matso da ranar allura da kansu, nan jini ke fara kauri. Abin da ya fi shi ne likita ya rage yawa ya rage tazara, kamar miligiram 75 zuwa 100 kowane mako, ko 150 zuwa 200 duk mako biyu. Ragowar kwalbar da aka fasa zubarwa ake, ba a ajiye ta. Sustanon 250 gauraye ne na iri huɗu, akan yi shi duk mako uku, hawa da saukarsa kusan ɗaya.

Nebido miligiram 1000 ne a mililita 4. Ana yin ta farko, ta biyu bayan mako 6, daga nan duk mako 10 zuwa 14. Ya fi daidaito, ya fi tsada, kuma in matsala ta taso ba a iya janye shi daga jiki da wuri, shi ya sa ga dattijo ake son farawa da mai gajeren zango.

Duk waɗannan mai ne mai kauri. Majo ne zai yi, da sabuwar allura, cikin tsokar ɗuwawu ta sama ta waje, a riƙa sauya gefe. Nebido a tura shi a hankali, wajen minti biyu, mutum na kwance, ya kuma ɗan zauna a wurin bayan an gama, domin ɗigon man na iya shiga jijiya ya tayar da tari da ƙuncin ƙirji nan take.

Na shafawa, irin Androgel, kullum da safe ake shafa shi a kafaɗa da dantse, fata a bushe bayan wanka, ban da al'aura. A bari ya bushe, a wanke hannu da sabulu, a sa riga. Ba a sake wanka sai awowin da takardar cikin kwalin ta faɗa sun cika. A gidajenmu haɗarinsa a fili yake: jika ya hau kafaɗar kakansa da ke zaune tsakar gida babu riga saboda zafi, ko mata ta jingina, maganin ya koma jikinsu. Yaro kan fara gashin mara kafin lokaci, mace ta fara gashin fuska, mai ciki kuwa abin na iya taɓa ɗan cikin. Wanda ba zai iya zama da riga a watan Afrilu ba, gara ya zaɓi allura.

Ƙwayar Andriol ko Pantestone ba ta shiga jini sai an sha ta da abinci mai maiƙo. Metiltestosteron na ɓata hanta, a guje shi. Proviron kuma ba ya cike gurbin testosteron gaba ɗaya. Kowanne ne, a saya a farmasi da ordonans. Kwalbar da ta wuni a tire cikin ranar Yamai mai wuce digiri 40, ba wanda zai ce ga abin da ya rage a cikinta. A gida a ajiye a ɗaki mafi sanyi, cikin kwalinsa, nesa da yara, ba a aljihun mota ba.

Bibiya

Bayan wata 3 zuwa 6 a koma awo, daga nan sau ɗaya a shekara. Mai Androtardyl a ɗebi jini a tsakiyar tazarar allura biyu, ana neman 3.5 zuwa 6 ng/mL. Mai Nebido kuma dab da allura ta gaba. Awon da aka yi kwana biyu bayan allura ba ya nuna komai sai ƙololuwa.

Hematokirit ne abin da ya fi saurin ɓaci. Testosteron na ƙara jajayen ƙwayoyin jini, in suka yi yawa jini ya yi kauri. Da ya wuce 54 a dakatar, a nemi dalili, a koma da ƙasa da da in ya sauka. Taba da munshari na ƙara shi, ƙishirwar bazara ma na ɗaga lambar, don haka a sha ruwa kafin awo. PSA in ya hau da fiye da 1.4 cikin shekarar farko, ko ya wuce 4, sai urolog. A riƙa auna tansiyo, domin yana iya ɗan hawa. Kumburin ƙafa ɗaya mai zafi, ciwon ƙirji, ko numfashi ya yi wuya farat ɗaya, asibiti ake nufa a ranar.

Abin da za a samu

Sha'awa ce ke fara dawowa, cikin mako 3 zuwa 6. Tsoka da kitse sai bayan wata uku-huɗu. Gwajin da aka buga a Amurka a 2016 kan maza 790 masu shekara 65 zuwa sama ya nuna ci gaba matsakaici a harkar iyali, ɗan sauƙi a yanayin rai, amma kuzari bai sauya sosai ba. Daga baya aka ga ƙarancin jini ya gyaru, mantuwa kuwa ba ta ragu ba. Wani mafi girma, na 2023, ya bi maza sama da 5000 ƴan shekara 45 zuwa 80 masu ciwon zuciya ko haɗarinsa: bugun zuciya da shanyewar jiki ba su ƙaru ba, kashi 7.0 ga masu magani, 7.3 ga marasa shi. Amma rikicewar bugawar zuciya, gudan jini a huhu da rauni a ƙoda sun ɗan fi yawa ga masu maganin, karayar ƙashi ma ba ta ragu ba, ta ma ɗan ƙaru. Waɗannan mazan duk an tabbatar da ƙarancinsu, ana kuma auna su a kai a kai. Sakamakon bai shafi mai yi wa kansa allura ba awo ba.

Wanda sha'awarsa na nan amma gaba ce ba ta tsayawa, akasari matsalar jijiyoyin jini ce, daga suga, hawan jini, taba ko kitse, kuma takan riga ciwon zuciya bayyana da ƴan shekaru. Irin wannan a duba masa zuciya da suga. Sildenafil, miligiram 50 awa ɗaya kafin saduwa, ba fiye da sau ɗaya a rana ba, ya fi testosteron yi masa aiki. Amma haramun ne ga mai shan maganin ciwon ƙirji irin Risordan ko Natispray, domin haɗuwarsu na faɗar da tansiyo har ta kai ga mutuwa. Zumar ƙarfin maza da kofi da alewar da ake tallatawa a WhatsApp a ce na itatuwa ne zalla, hukumomi a Faransa da Amurka sun sha gano sildenafil ko tadalafil ɓoye a ciki, ba a san yawansa ba. Miƙewar da ta wuce awa 4 kuma gaggawa ce, kunya kada ta sa a kwana da ita.

In an yi wata shida awo ya dawo daidai amma alamomin na nan, to ba testosteron ba ne, a daina a ci gaba da bincike. Wanda ya riga ya fara allura da kansa ba tare da awo ba, ya kai kwalin wajen likita ya faɗi ranar ta ƙarshe. Bayan tsayawa za a ji kasala da raguwar sha'awa na makonni ko watanni kafin maraina su farfaɗo, ga mai Nebido ya fi daɗewa. Wannan ba hujja ba ce ta komawa allura. Bayan wajen wata uku a auna testosteron da LH, nan za a ga ainihin abin da jiki ke yi da kansa. Mai neman haihuwa ya ƙara da awon maniyyi: a ƙaurace wa saduwa kwana 2 zuwa 7, a tara duka a kwalbar da labo ya bayar, a riƙe ta jikin mutum kada ta yi sanyi ko ta sha rana, a miƙa ta cikin awa ɗaya. In ƙwayoyin ba su dawo ba, a maimaita bayan wata uku, domin kusan tsawon lokacin ke nan da maraina ke ɗauka kafin su fitar da sababbi.